Rikicin sarautar Dagbon: laifin wa?

Rikicin Dagbon takaddama ce tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, zuriyar sarki ɗaya, kan kujerar Ya-Na da ke Yendi a arewacin Gana. Al'ada ta tanadi gidajen biyu su riƙa karɓa-karɓa, amma aka yi ta saɓa wannan tsari.

Kowane gida yana ɗora wa ɗayan laifi, sai dai gwamnatocin Accra ma suna da kaso babba. A 1974 gwamnatin soja ta Acheampong ta tuɓe Mahamadu Abdulai na gidan Abudu, aka naɗa Yakubu Andani II. Daga baya jam'iyyu suka shiga ciki, ana ganin NPP ta fi kusa da Abudu, NDC kuwa da Andani. Duk lokacin da mulki ya sauya hannu, sai gida ɗaya ya ga damarsa ta zo, don haka ba wanda ke son sassautawa.

A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu da mutane da dama a Yendi. A 2011 kotu ta wanke waɗanda aka gurfanar.

Sulhun da ya ɗore a Kumasi aka ƙulla shi, garin da Dagombawa ke zaune da Hausawa a zanguna. Kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ya shafe shekaru yana zama a fadar Manhyia. Aka gudanar da bukukuwan makokin sarakunan biyu, sannan a Janairun 2019 aka naɗa Abukari Mahama II.