Ƙarfin Tsokar Ƙafa da Daidaituwar Jiki a Wajen Masu Ciwon Sukari

Duk lokacin da aka tada zancen illar ciwon sukari ga ƙafa, hankalin mutane yakan tafi kan gyambon da ya ƙi warkewa da kuma yanke ƙafa. Amma tun shekaru kafin gyambo ya fito akwai wata ɓarna da ke gudana a ɓoye, wato raguwar ƙarfin tsokar ƙafa da raunin daidaituwar jiki, waɗanda ƙarshensu faɗuwa da karaya. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar, kuma kusan rabin masu ita jijiyoyin ƙafarsu kan taɓu a tsawon rayuwarsu. A nan za mu bi diddigin yadda wannan rauni yake faruwa, da yadda ake auna shi, da kuma ɓangaren da ke gyaruwa a cikinsa.

Da ciwon sukari muna nufin yanayin da sukari ke taruwa a jini fiye da kima, ko dai don jiki ba ya samar da isasshen insulin (nau'i na ɗaya), ko don ya daina amsa masa (nau'i na biyu). Shi insulin sinadari ne da ke buɗe wa sukari hanyar shiga tsoka da sauran sassan jiki. Ƙarfin tsoka kuwa iri biyu ne. Akwai yawan ƙarfi, wato iyakar nauyin da tsoka ke iya turawa ko ɗagawa, akwai kuma saurin ƙarfi, wato yadda take iya fito da wannan ƙarfi cikin ƙiftawar ido. Daidaituwa ita ce iya riƙe nauyin jiki a kan tafin ƙafa ba tare da tangaɗi ba, ita ma iri biyu ce: ta mai tsaye wuri ɗaya, da ta mai tafiya ko juyawa ko hawan matakala. Jijiyar da za mu riƙa ambata kuma ita ce jijiyar saƙo, mai kai labari tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. In ta jini muke nufi za mu fayyace.

Mutum mai lafiya ba ya tsayawa cak kamar yadda ido ke nunawa. Jikinsa kullum yana ɗan karkata gaba da baya, ƙwaƙwalwa kuma tana gyarawa da labarin da take samu daga wurare uku: ido, da cikin kunne inda ake gane karkatar kai, da kuma fatar tafin ƙafa tare da gaɓoɓi da tsokoki, waɗanda ke sanar da inda ƙafa take da irin ƙasar da ta taka. In karkatar kaɗan ce, idon sawu ne ke gyara ta: tsokar sharaɓa ta ja jiki baya, ta gaban ƙwauri ta ja shi gaba. In ta yi yawa sai ƙugu ya shigo, in ta fi ƙarfin ƙugu sai mutum ya jefa ƙafa ya tare kansa. Duk wannan yana aukuwa cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Saboda haka ne muke ganin saurin ƙarfi ya fi yawan ƙarfi muhimmanci a wannan babi, domin ƙarfin da ya zo bayan an kai ƙasa ba shi da amfani.

Sukarin da ya daɗe yana hawa yana lalata jijiyar saƙo kai tsaye, yana kuma toshe ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita. Jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara cutuwa, shi ya sa lamarin ke somawa daga 'yan yatsun ƙafa, ya hau zuwa idon sawu da ƙwauri, a ƙafafu biyu tare. Wani yakan ji raɗaɗi da suka da daddare. Wani kuwa babu zafin komai, sai dai ya ce ji yake kamar auduga yake takawa, kuma wannan na biyun ya fi shiga haɗari domin babu abin da zai kai shi asibiti. Likitoci a ƙasar Tirinidad sun bayyana wata alama da ta dace da duk inda ake yawo da silifa: a tambayi majiyyaci ko takalminsa ya taɓa suɓucewa yana tafiya bai sani ba. Wanda ya amsa da e, galibi jijiyarsa ta riga ta lalace sosai. Irin wannan mutum da idonsa yake tafiya. Da rana ba a gane komai, amma ya fito sallar asuba babu wuta, ko ya rufe ido yana wanke fuska a tsaye, sai tangaɗi ya bayyana.

Ita tsoka ta hanyoyi uku take raunana, kuma nan ne ya kamata mu daɗe. Hanya ta farko ta jijiya ce: tsokar da umarni ya daina isa gare ta sai ta rame. Ƙananan tsokokin cikin tafin ƙafa ke fara ramewa, yatsu su tanƙware, matashin kitsen da ke ƙarƙashin tushen yatsu ya goce, faɗin abin da mutum ke dogara a kai ya ragu. Daga nan sai tsokar gaban ƙwauri, wadda aikinta ɗaga kan ƙafa yayin da ake jefa taku. In ta yi rauni yatsu ba sa barin ƙasa sosai, sai bakin tabarma ko dokin ƙofa ya isa tuntuɓe. Henning Andersen da abokan aikinsa a Aarhus ta ƙasar Denmak sun nuna, ta hanyar awon ƙarfi da hoton cikin tsoka, cewa raunin ya fi tsanani a idon sawu fiye da gwiwa, kuma yana tafiya tare da tsananin lalacewar jijiya. Hanya ta biyu ta cikin tsokar ce kanta. Insulin ba sukari kaɗai yake shigarwa ba, yana taimakawa wajen gina naman tsoka, don haka in jiki ya daina amsa masa ginin yakan ragu, kitse ya kutsa tsakanin zaren tsoka. Cinya tana iya zama da kauri alhali ƙarfinta ya tafi. Wani dogon bincike a Amurka kan dattawa 'yan shekara 70 zuwa 79 ya gano cewa cikin shekara uku masu ciwon sukari sun fi takwarorinsu saurin rasa ƙarfin miƙe gwiwa. Hanya ta uku ita ce sandarewa: sukari yana manne wa igiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, agara ta yi tauri, idon sawu ya kasa lanƙwasa yadda ya saba.

Akwai kuma wani zagaye da ke ƙara dagula lamarin. Kusan kashi 80 cikin 100 na sukarin da insulin ke kwashewa daga jini tsoka ce ke karɓarsa, kuma mafi girman tsokokin jiki a cinya da ɗuwawu suke. Wanda ya faɗi sau ɗaya yakan tsorata ya rage fita, 'ya'ya su ce Baba ya zauna ya huta, tsoka ta ƙara ramewa, sukari ya ƙara hawa, jijiya ta ƙara lalacewa. A ganinmu wannan hutun na tausayi yana cikin abubuwan da suka fi cutar da majiyyaci.

Ba kowace faɗuwa ce daga ƙafa ba. Cutar tana taɓa ido, tana iya sa awon jini ya faɗi da zarar an miƙe tsaye har jiri ya ɗebi mutum, sukari kuma yana iya sauka ƙasa da kima ga mai allurar insulin ko mai shan maganin gilibenkilamaid. Daɗewa kan maganin metformin kan rage bitamin B12, wanda ƙarancinsa shi ma yana lalata jijiya. Dole a duba waɗannan kafin a ɗora laifi duka a kan tsoka.

Awon wannan rauni ba ya bukatar manyan na'urori. Ana gwada ji da wani siririn zaren roba mai danna fata da nauyin giram 10, a taɓa wurare a tafin ƙafa majiyyaci yana rufe da ido. Ana gwada ƙarfin cinya da kujera: a ƙirga sau nawa zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30, hannuwansa a ƙirji. Ana gwada daidaituwar tafiya da cewa ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Dattijon da ya ci daƙiƙa 12 ko fiye ana lissafa shi cikin masu haɗarin faɗuwa. Likitocin gashin ƙashi suna da ma'aunin Berg, mai ayyuka 14 da maki 56. A asibitocinmu ma tambaya biyu za su buɗe hanya: shin yana iya tasowa daga sujada ba tare da dafa bango ba, kuma yaya yake fama da tsuguno a ban-ɗaki? Abin takaici, a cunkoson ranar ganin likita akan duba lambar sukari a rubuta magani, ba a ko ce ya cire takalmi ba.

Jin da ya riga ya mutu da wuya ya dawo. Daidaita sukari yana rage saurin ɓarnar ne, kuma amfaninsa ta wannan fuska ya fi fitowa a nau'i na ɗaya na cutar fiye da na biyu. Tsoka kuwa tana karɓar horo ko da an tsufa, kuma tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko ba insulin. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka tana ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, da horon ƙarfi sau biyu ko uku a ranakun da ba sa jere, ga dattawa kuma a ƙara horon daidaituwa sau biyu ko uku. A aikace, wannan yana nufin tashi da zama daga kujera, ɗagawa kan yatsu da kan dunduniya ana dafe da bango, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da tafiya dunduniya na taɓa yatsu. A da akan hana mai lalacewar jijiya yawan takawa don gudun gyambo, amma gwajin da aka yi daga baya ya nuna tafiya matsakaiciya da takalmi mai rufi wanda ya dace da ƙafa ba ta ƙara wannan haɗari, muddin ana duba tafin ƙafa kowace rana. Wanda ke da buɗaɗɗen gyambo, ko ƙafarsa ta kumbura ta yi zafi ba dalili, shi kam ba zai ɗora mata nauyi ba sai likita ya duba. Horonsa a zaune zai yi shi har ƙafar ta warke.