Kifayen da Ke Renon 'Ya'yansu a Baki

A tsibiran Banggai na ƙasar Indonesiya akwai wani ɗan kifi mai ratsin baƙi da fari, tsawonsa bai wuce santimita 8 ba, wanda masana suka raɗa wa suna Pterapogon kauderni a 1933. Mazauninsa ruwa marar zurfi ne, tsakanin murjani da ciyawar teku. Macen takan saki ƙwai 'yan gomomi kacal, namijin ya kwashe su cikin bakinsa, ya yi kusan wata guda bai ci komai ba. Wajen kwana 20 ƙwan ke yi kafin ƙyanƙyasa, sannan 'ya'yan su ƙara 'yan kwanaki a ciki. Ranar da ya sake su, sai su shige tsakanin ƙayoyin bushiyar teku su ɓuya.

Masuncin da ke kawo kifi kasuwar Keana daga rafukan kwarin Binuwai ya san irin wannan reno, domin karfasa ma haka take yi. Namijinta ne ke haƙa ɗan gurbi mai kama da kasko a ƙasan ruwa, macen ta zuba ƙwai ɗaruruwa, ta kwashe su a baki tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Ka buɗe bakin wadda aka kama a wannan hali, za ka ga ƙwai rawaya cunkushe har maƙogwaro. A tafkunan gaɓar Legas kuwa akwai danginta, Sarotherodon melanotheron, wadda namiji ke yin renon, daidai da kifin Banggai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne farashin wannan dabara. 'Ya'yan kifin Banggai ba sa bin igiyar ruwa su bazu kamar na yawancin kifayen murjani, don haka kowane rukuni a tsibirinsa yake maƙale. Da masu kiwon kifin ado suka yi masa ca daga tsakiyar shekarun 1990, bai da wani wurin da zai farfaɗo daga gare shi, har ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2007.

Karfasa ta fi shi sa'a, don tana haihuwa sau da dama a shekara, ambaliyar damina kuma na raba 'ya'yanta cikin fadamu. Amma rauninsu ɗaya ne: duk uwa ko uban da aka kama yana cikin reno, da zuriyarsa ɗungurungum aka fito da shi. Shi ya sa nake ganin jan taru a gaɓa marar zurfi, inda gurabenta suke, ya fi kamu a tsakiyar kogi ɓarna nesa ba kusa ba.