Tarihin Riƙon Yara a Sabon Ibadan, da Halin da Marayunmu ke Ciki Yau

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Badun da Shagamu da Agege da sauran zangunanmu, yau ina so mu ɗan waiwayi wata al'ada da iyayenmu suka daɗe a kanta, wato riƙon yara. Duk wanda ya tashi a Sabo ya san irin gidan da za ka ƙirga yara goma a ciki, amma huɗu kaɗai mai gidan ya haifa. Sauran ko ɗan ƙane ne, ko jika, ko ɗan wani yaron gida da ya rasu a hanya. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, irin waɗannan yara har gobe suna nan a cikinmu, amma ginshiƙin da ya riƙe su a da ya yi rauni, sadakarmu kuwa ba ta bi su inda suka koma ba.

Da farko dai, daga gida kakanninmu suka zo da riƙo. A ƙasar Hausa iyaye suna kunyar ɗan fari, sau da yawa wajen kaka yake tashi. Yaro idan ya isa yaye, gidan kaka ake kai shi, wani daga nan bai dawo ba ke nan. Macen da Allah bai ba ta haihuwa ba, a ɗauki ɗiyar ƙanwarta ko ta ɗan uwanta a ba ta. Akwai wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau da ake kira Baba ta Karo, wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Baba ta yi aure fiye da ɗaya ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, saboda 'ya'yan dangi da ta riƙa.

A wajen fatake abin ya fi ƙarfi, domin mai tafiya Gwanja sayen goro yakan yi wata da watanni bai ga gida ba. Ku duba Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana da kasuwancinta, aka bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Sunanta ne ya bi shi, ya bi zuriyarsa har yau. Kafin ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ma mahaifinsa ya rasu a 1965 yana ɗan shekara takwas, kakansa na wajen uwa, Alhaji Sanusi Ɗantata, shi ya riƙe shi.

Addini kuma ya ƙarfafa abin, ya sa masa iyaka. Manzon Allah (SAW) maraya ya tashi, daga hannun kakansa Abdulmuɗɗalib zuwa hannun baffansa Abu Ɗalib. Amma a ƙissar Zaidu ɗan Harisa, cikin Suratul Ahzab, an hana a cire wa yaro sunan ubansa a laƙaba masa na mai riƙonsa. Saboda haka ɗan riƙo yana cin gadon ubansa, ba ya cin na mariƙinsa, sai dai a yi masa kyauta tun ana raye, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

To, yaya abin ya kasance da aka zo Kurmi? Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, a 1912 kuma aka haɗa layin har Kano. Goron da a da sai an je Gwanja, sai ga shi ana nomansa a ƙasar Yarbawa, a su Agege da Ifo da Shagamu. Shanu su gangaro daga Arewa, huhunan goro su hau. A 1916 aka ware wa Hausawan Ibadan unguwar Sabo. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna da mutanen Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kansu a 1969. A lokacin mutanen unguwar dubu huɗu ne da 'yan kai, kuma ya nuna cewa kasuwancin gaba ɗaya a hannun masu gida yake. Mai gida shi ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba mahauci saniya bashi. Babu banki, babu takarda, amana ce kawai.

A nan ne riƙo ya shiga kasuwa. Mai gida yana bukatar mutanen da ba za su gudu da kuɗin baƙo ba, kuma babu wanda ya kai yaron da ya tashi a gabanka. Don haka idan yaron gida ya rasu, ko aurensa ya mutu, mai gida ya ɗauki 'ya'yan ya shigar da su cikin gida wajen matansa. A sa yaro makarantar allo, ya fara da kai wa baƙi abinci, daga nan ya koyi zaɓen goro da ɗaurin huhu, ya koyi lissafin la'ada. Idan ya isa, mai gida ya biya masa sadaki, ya ba shi ɗaki da ɗan jari. Idan mace ce, uwar riƙonta ta tara mata kayan ɗaki da ribar sana'arta ta cikin gida. Mahaifina ɗan goro ne, kuma cikin abokan cinikinsa tsofaffi da yawa haka suka tashi. Za ka ji mutum yana cewa "baba" ga wanda ba su haɗa jini ba, yana kuma zuwa gaishe da iyalinsa duk sallah shekara talatin bayan rasuwarsa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duka alheri ne. An yi riƙon tsakani da Allah, an kuma yi riƙon sakainar kashi. Akwai 'yar riƙon da ita ce ta fara tashi ita ce ta ƙarshen kwanciya, ita ce a talla yayin da 'ya'yan gida ke makaranta. Akwai marayan da ya girma ya tambayi gadon ubansa aka ce an ci da shi. Sai dai a wancan lokaci unguwa ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma mai gidan da aka san yana zaluntar maraya, baƙi za su yi tunani kafin su ba shi ajiyar kuɗinsu. Ga Sarkin Hausawa, ga limamai, akwai inda za a kai ƙara.

Yau kasuwa ta canja. Tirela ta maye gurbin jirgi, wayar hannu ta rage aikin dillali, kuɗi kuma ta banki suke tafiya, ba sai an damƙa wa mai gida jaka ba. Manyan gidajen nan da yawa an raba su gado, ɗaki ɗaya ya zama na iyali guda. Ga kuma rigingimun da suka ƙara mana marayu da karayar jari, irin na Shagamu a Yulin 1999, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, da na kasuwar Shasha a nan Ibadan a Fabrairun 2021. Riƙo bai mutu ba, amma ya sauka daga hannun masu hali ya koma hannun marasa hali. Yanzu mai riƙon maraya galibi kaka ce mai sayar da ƙosai, ko gwaggo bazawara, ko kawu mai tura baro.

Ga inda matsalar take. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, kuma a cikinta riƙo ta hannun kotu ake yinsa. Mu kuwa ranar sadakar uku ko ta bakwai dangi ke zama a raba yara, babu wanda ya rubuta komai. Saboda haka yaron ba ya cikin littafin gwamnati, ba ya cikin na ƙungiyoyin agaji. Mu kanmu idan azumi ya zo, buhun shinkafa gidan marayu mai allo a ƙofa muke kai wa, ko mu raba canji ga masu bara a bakin masallaci. Duk lada ne. Amma tsohuwar da ke riƙe da jikoki huɗu a lungu, kunya ba za ta bar ta ta fito ta miƙa hannu ba, don haka ba wanda ya ganta.

Shawarata ga kwamitocin masallatanmu da shugabannin kasuwa ita ce, kowace unguwa ta buɗe littafi, a rubuta gidajen da ke riƙe da marayu, da sunan uban kowane yaro, da abin da ya bari, a gaban shaidu. Zakka da kuɗin asusun 'yan kasuwa a ware wani kaso a riƙa biyan kuɗin makaranta da na asibiti kai tsaye. A sa mata dattijai su riƙa leƙa gidajen, domin su ne za su gane yarinyar da aka mayar baiwa. Wanda kuma ya riƙi yaro har ya girma, ya tuna yaron nan ba zai gaje shi ba, ya yi masa kyauta ko wasiyya tun yana da rai. Mai shago ya ɗauki maraya ɗaya ya koya masa ciniki, ya sallame shi da jari kamar yadda aka yi wa iyayenmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya san yadda ake yi a nasu zangon, a Onica ko Fatakwal ko Benin, ya taimaka ya faɗa mana mu ƙaru. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riƙi na wasu kamar nasu, Ya ba mu ikon yin koyi da su. Wassalam.