Malam Ibrahim na Kano da Tambayarsa

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, akwai wani malami a birnin mai suna Ibrahim. Ba ɗan mishan ne ya koya masa kome ba, gama a lokacin ko ɗaya babu a Kano. Karatunsa ne ya hana shi sukuni. Duk inda ya iske sunan Annabi Isa cikin Alkur'ani, sai ya tsaya ya yi ta tunani: wane ne wannan da aka ɗaukaka haka?

Irin wannan mutum ba ya iya haɗiye tambaya ya kwanta barci. Ya soma faɗa wa almajiransa abin da ke zuciyarsa, har aka sa musu suna Isawa. Magana ta kai fada. Aka ce ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Mabiyansa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi.

A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa suka zo wurin Likita Mila a Zariya, suna neman ƙarin bayani a kan Isa ɗin nan. Aka kafa jama'ar Kirista a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga bisani kuma Wusasa.