Renon Itacen Fayin da Gubar Iska

Itacen fayin baƙo ne a ƙasar Hausa. Ganyensa siriri ne kamar allura, kuma irin da aka fi dasawa a arewacin Najeriya asalinsa daga yankin Karebiyan da Amurka ta Tsakiya ne. A dajin Falgore na kudancin Kano, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, doka da maɗaci da ɗorawa da kaɗanya su ne 'yan gida. Turawa sun killace dajin a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, amma itatuwansa masu nawar girma ne, ga shi kuwa ana bukatar katako.

Wannan bukata ce ta sa aka koma ga baƙin itatuwa. A 1964 aka buɗe tashar binciken gandun daji a Samaru ta Zariya, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi ta gwada fayin da itacen turare a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunukan Jos. Fayin yana da tsirfa. Idan babu wani naman gwari da ke manne wa saiwarsa yana taya shi shan abinci, sai dashen ya tsumbure, ganye ya yi rawaya. Shi ya sa ma'aikatan gandu ke ɗebo ƙasa daga gindin tsohon fayin su gauraya ta cikin ledar reno. Bayan wannan sai fama da gara da fari da wutar daji.

A Amurka kuwa wata cuta daban aka gani. Cikin shekarun 1950 fayin na tsaunukan San Banadino a jihar Kalifoniya ya riƙa yin ɗige-ɗigen rawaya yana kaɗe ganye tun lokaci bai yi ba. Daga baya aka gano iskar ozon ce, wadda ke samuwa idan rana ta dafa hayaƙin motocin birnin Los Anjeles. Ta ƙananan ƙofofin numfashi take shiga ganye, ta ƙone ƙwayoyinsa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Tsiro na da nasa makari, musamman bitamin C, wanda ke tare gubar kafin ta yi ɓarna, don haka masana suka gwada fesa shi a kan shuke-shuke. A 1978 masu bincike na kamfanin DuPont suka bayyana wani sinadari, EDU, da ake fesawa ko a zuba a gindin dashe, a maimaita bayan 'yan makonni. An gwada shi a kan ƙananan fayin, sai dai amfaninsa ya fi ƙarfi wajen awo: a zuba wa wasu dashe, a hana wasu, bambancin girmansu ya nuna yawan ɓarnar iskar. Fesa wa daji guda ba abu ne mai yiwuwa ba.

A kudancin Kano hayaƙin ba na motoci ba ne. Daga ƙonar daji da ramukan gawayi yake tashi, galibi da hunturu, kuma shi ma yana haifar da ozon idan rana ta buɗe. Kariyar dashe da ma'aikatan gandu suka gada ita ce rumfar inuwa da ban-ruwa safe da yamma, da share hanyar wuta kewaye da gandu, da ƙona ciyawa da wuri, tun tana da sauran danshi bayan ɗaukewar ruwa.