Shekarun Saurayi da Takardar Hukuma a Ƙasar Hausa

Tambayar nan da a ke yi, ko ya kamata a wajabta wa samari da 'yan mata su riƙa yawo da takardar shaidar shekarunsu, ta girmi katin ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Tun ranar da hukuma ta fara ɗora wa mutum wani nauyi, ko ta ba shi wani haƙƙi, saboda yawan shekarunsa, tun ran nan maganar ta taso. A ƙasar Hausa kuwa an san lokacin da wannan ya fara, watau bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a cikin 1903.

Kafin zuwansu Bahaushe ba ya rasa sanin lokacin haihuwarsa, sai dai ba da lissafin shekara ya ke riƙe shi ba. Sunansa ma ya kan faɗi ranar: Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Talatu, Balarabe, Asabe. Wani lokaci ya faɗi watan ko yanayin, kamar Azumi da Sallau da Marka da Anaruwa. Ga rana, ga wata, ga damina, amma babu shekara, domin ba wanda ya ke bukatarta. Abin da a ke bukata shi ne a san wane ne ya girmi wane, wannan kuwa kowace tsohuwa a unguwa ta san shi, ta kuma san waɗanda aka yi wa kaciya tare, da waɗanda suka fara azumi tare. Gidajen malamai ne kaɗai suka saba rubuta haihuwa, galibi a gefen wani littafi, da kwanan watan Hijira. Shi ya sa aka san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a cikin 1168 ta Hijira, watau ƙarshen 1754, alhali kuwa jarumawa da yawa da suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutarsa ba mai iya faɗin shekarar haihuwarsu.

Iyakar da ta raba yaro da babba ita ce balaga, shari'a kuwa ta riga ta shimfiɗa alamunta. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Muhtasar na Halil ya tattara, a kan gane balaga da mafarki, ko haila, ko ciki, ko tsirowar gashin gaba. In duk waɗannan ba su bayyana ba, sai a hukunta da cikar shekara 18. Ya kamata mai karatu ya lura da matsayin lissafin shekara a nan: wakili ne da a ke kira in shaidun jiki ba su zo ba. Har wa yau shekarun nan 18 na wata ne, sun gaza 18 na rana da wajen wata shida da rabi, gama shekarar Hijira ta gaza ta Masihiyya da kwana 11. Masu cewa shari'a da dokar zamani sun haɗu a kan 18 ba su cika tuna wannan ba.

Haraji shi ne ya fara sa shekarun saurayi suka zama abin gardama. A zamanin sarakunan Fulani kuɗin ƙasa a Kano a kan maigida ya ke, a Zazzau kuwa galma a ke ƙirgawa. Gwamna Lugga ya tattara kuɗaɗen nan iri iri ya mai da su haraji guda da dokarsa ta 1906, sannu a hankali kuma aka koma raba shi bisa ga yawan baligai maza na kowane gari. Kowace shekara sai a yi ƙidaya: mai unguwa ya kira sunaye, dagaci ya shaida, malamin haraji ya rubuta, hakimi ya kai wa En'e, Di'o kuma ya bi ya duba. To, wane ne baligi? Babu rajistar haihuwa, babu takarda. Ido ne alƙali. A kan dubi tsawon yaro da faɗin ƙirjinsa, a dubi haɓarsa ko gemu ya fara toho, a saurari muryarsa, a tambaya ko ya isa riƙe kunya guda a gona tare da manya. In ya yi aure kuwa magana ta ƙare.

Nauyin abin a kan uba ya ke faɗuwa. Bisa al'adar gandu, muddin ɗa yana noma a ƙarƙashin ubansa, uban ne zai ciyad da shi, ya yi masa auren fari, ya kuma biya masa haraji. Saboda haka ranar da aka rubuta sunan yaro a littafi, ranar ce kuɗin gidan ya ƙaru, ko da hatsin rumbu bai ƙaru ba. Ba abin mamaki ba ne a ce samari sun riƙa jinkirin girma a idon iyayensu, tsofaffi kuma suna saurin tsufa, tun da ya ke a kan ɗauke wa gajiyayyu. A kan tura saurayi ganin dangi in an ji malamin haraji ya kusa. Dagaci kuma yana tsakanin wuta biyu: in ƙidayarsa ta ragu hakimi ya tuhume shi, in ya matsa talakawa su tashi su bar masa kango. Ta haka shekarun mutum suka zama abin ciniki, a taya, a yi albarka, a daidaita.

Daga nan ne kuma takardar shaida ta fari ta fito, ba tare da kowa ya nufa ba. Wanda ya biya a kan ba shi rasit, da sunansa da garinsa. Ɗan ci rani ko ɗan koli da zai bar gida, sai ya naɗe rasit ɗin nan ya soke a hula ko a cikin laya, domin 'yan doka da dogarai suna iya tare shi a kasuwa ko a tasha su ce ya nuna. Babban mutum yana da abin nunawa. Amma yaro mai saurin girma, wanda dagacinsa bai rubuta shi ba tukuna, ba shi da wata takarda da za ta ce shi yaro ne. A garin da ba a san shi ba, tsawonsa kaɗai ya isa ya ja masa kwana a ɗaure. Wannan giɓi ya kamata a riƙe shi da kyau, gama har yanzu bai toshe ba. Hukuma ta iya ba da shaidar girma tun da wuri, domin tana da riba a ciki, shaidar ƙuruciya kuwa ta bar wa ido. Rasit ɗin ya daɗe yana aiki, sai a cikin 1979 gwamnonin Jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

A hayin iyaka, inda Faransa ta yi mulki, an bi wata hanya dabam. Mutumin Maraɗi ko Damagaram wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, in ya bukaci takarda, sai ya je gaban alƙali da shaidu, a yanke masa shekara, a rubuta "né vers", watau an haife shi wajen shekara kaza. Kalmomin nan biyu suna da wata gaskiya da takardun ɓangaren Ingilishi suka rasa, domin sun yarda a fili cewa kintace aka yi.

Masu ƙidayar jama'a su ma sun sha fama. A ƙidayar 1952 ba a ko yi ƙoƙarin rubuta shekarun kowa ɗaya ɗaya ba, rukuni rukuni aka kasa mutane, rukuni guda ya kwashe daga ɗan shekara 15 har zuwa mai 49. Da aka zo ta 1963 aka nemi ainihin shekaru, sai amsoshi suka taru a kan 20 da 25 da 30 da 40, kamar dai ba a haihuwa a sauran shekarun. Dabarar da ta fi amfani ita ce ta tambaya da manyan al'amura, wadda talakawa da kansu suka daɗe suna yi: zuwan Nasara a 1903, tawayen Satiru a 1906, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba a 1914, annobar mura a 1918, Mai Buhu a 1927, 'Yar Gusau a 1942, zuwan Sarauniya a 1956. Bakano kuma ya ce a zamanin Abbas, ko Usman, ko Abdullahi Bayero. Amma Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 har 1953, shekara 27 ke nan. Wanda ya ce a zamaninsa aka haife shi bai faɗi kome ba tukuna. Kalandar yunwa tana taimakon mai neman sanin ko mutum ya kai 40 ko 50, ba ta raba ɗan 17 da ɗan 18.

Zuwan siyasa ya juya ribar. A zaɓen 1951 a Jihar Arewa masu biyan haraji ne suka taru suka zaɓi wakilai hawa hawa; a zaɓen Tarayya na Disamba 1959 kowane namiji mai shekara 21 ya sami ƙuri'a. Uban da ya rage wa ɗansa shekaru a gaban malamin haraji, yanzu 'yan jam'iyya suna so a ƙara masa su a gaban akawun rajista. Tsarin mulki na 1979 ya sauko da iyakar zuwa 18, ya kuma tabbatar wa matan Arewa ƙuri'arsu. Ƙorafin yara ƙanana a layin zaɓe bai gushe ba; ya sake tashi da ƙarfi bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Kano a cikin Fabrairu 2018.

Malaman makaranta ba sa bukatar a tuna musu nasu ma'aunin. Sa'ad da aka buɗe ilmin firamare kyauta a cikin Satumba 1976, yaro ya kan ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya kai shekara 6. Hedimasta ya rubuta masa shekara, sau da yawa da 1 ga Janairu, shekarar nan kuwa ita za ta bi shi zuwa sakandare, da kwalejin horon malamai, da aikin gwamnati, har ranar da za a ce ya cika 60 ya ajiye aiki. Inda ta zama cikas sai a nufi kotu a yi takardar rantsuwa, a sake wata. Aibin wannan ya fita har waje: a cikin 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta dakatar da Nijeriya daga wasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasa.

Katin ɗan ƙasa kansa tarihinsa na jinkiri ne. Dokar soja ta 51 ta 1979 ta kafa ma'aikatarsa, ba a yi rajistar jama'a ba sai a 2003, aikin kuma ya ƙare da shari'ar cin hanci. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, wadda ta zo da lambar ɗan ƙasa. A Disamba 2020 aka ce a haɗa lambar da layin waya, a 2021 kuma ta zama sharaɗin rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ta wannan hanya aka wajabta wa matasa katin ba tare da an taɓa zama an yi muhawara a kan wajabcin ba.

Masu goyon bayan yawo da katin suna da hujja mai ƙarfi. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ɗauke alhaki daga yaron da bai kai 7 ba, Dokar 'Yancin Yara ta 2003 kuma ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Kariya irin wannan ba ta amfanin wanda ba zai iya nuna shekarunsa ba. Amma kati ba ya fin tushensa gaskiya. Rajistar haihuwa an fara ta a Ikko tun 1863, dokar soja ta 69 ta 1992 ta wajabta ta a ƙasa duka, duk da haka binciken lafiya na 2018 ya sami kashi 43 cikin 100 ne kaɗai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, ƙauyukan Arewa kuwa sun gaza haka. Wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, abin da ya faɗa wa akawu shi za a shigar a kwamfuta, a haɗa da zanen yatsunsa, kintacen ya zama ba ya gyaruwa sai da kuɗi da zirga-zirga. In kuma aka mai da rashin katin laifi, ɗan birni mai takardar asibiti zai wuce, almajiri da ɗan ci rani su ne za a tare a tasha, kamar yadda aka tare kakanninsu a kan rasit. Tsarin da ya fi daidai shi ne a fara da littafin haihuwa a hannun mai unguwa da ungozoma da limamin suna, gama ranar suna ce kaɗai ranar da unguwa duka ta ke shaida, sa'an nan a yi maganar abin da saurayi zai sa a aljihu.

Ran 1 ga Nuwamba 2024 aka kawo mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, mafi yawansu daga Kano da Kaduna, bisa tuhumar cin amanar ƙasa saboda zanga-zangar watan Agusta. Sun yi wajen wata uku a tsare. An ce wajen 30 daga cikinsu yara ne, huɗu kuma suka yanke jiki suka faɗi a ɗakin shari'a. Lauyan gwamnati ya gaya wa 'yan jarida cewa manya ne, da yawansu ma suna da aure. Mutanen ƙasa kuwa suka dubi hotunan, suka dubi tsawo da ƙirji da haɓa, suka yanke nasu hukunci. Bayan kwana uku Shugaban Ƙasa ya ba da umurni a sake su, ran 5 ga wata aka danƙa su ga gwamnonin jihohinsu.