Wa ke lissafa ruwan damanarmu?

Ƴan uwa masu saurare, na Afala, Barmu, Takanamat da cikin garin Tawa, har da ƴan ci-rani da ke bin mu daga Abijan da Libiya. Duk shekara in watan biyar ya kama, muna karanto muku sanarwar ma'aikatar meteyo a rediyo: damana za ta faɗi da wuri ko za ta makara, ruwa zai yi yawa ko kaɗan. Kuma duk shekara sai wani ya bugo waya ya ce, su waɗanga mutane ina suka san wanga abu? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana da tarihi.

A shekarar 1922 wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya nuna cewa ana iya gano halin da sama za ta shiga gobe ta hanyar lissafi. Sai dai lissafin ya yi yawa. Shi da kansa ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna ta buga alƙaluma kafin su riga gobe isowa. Maganar ta kwanta har 1950, lokacin da wata ƙungiyar masana a Amurka, ƙarƙashin Jule Charney, ta gwada da wata ƙatuwar kwamfuta mai suna ENIAC. Hasashen kwana guda ya ci musu kusan kwana guda na aiki. Ku riƙe sunan Charney, za mu sake gamuwa da shi.

Mu abin da ya jawo mu cikin wanga zance shi ne yunwa. Farin da ya soma a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973, bisashe suka ƙare a Azawak, mutanen Adar suka watsu kudu. A watan Satumba na 1973 ƙasashen Sahel suka kafa CILSS a Wagadugu, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, don horar da ma'aikata da tattara bayanan ruwan sama da na noma. Cikin wannan shekara ce, ran 15 ga Afrilu, Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani, kuma yunwar tana cikin dalilan da sojoji suka bayar.

To ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A 1975 Charney ɗin nan ya fito da bayani kan farin Sahel. Ya ce in dabbobi suka cinye ciyawa, aka sare itace, ƙasa ta koma fara fat, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama, iska ta riƙa sauka maimakon ta hau, hadari ya kasa haɗuwa. Ya gwada a kwamfuta, ta ba shi gaskiya. Shi malami ne, bai zagi kowa ba, amma yadda duniya ta ɗauki zancen shi ne makiyayi da manomi su suka kori ruwa da hannunsu. Shekaru aka yi ana maimaita wa iyayenmu haka, har a lakkol mun karanta shi. Da farin 1984 ya zo, wanda wasu ke kira El Buhari, sai zargin ya ƙara ƙarfi.

Abin da ya wanke su, wasu injinan ne da suka fi na Charney ƙarfi. A 1986 masana na ma'aikatar meteyo ta Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa shekarun farin Sahel suna tafiya tare da zafin ruwan teku: in tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi, damanarmu sai ta ja baya. A 2003 wata ƴar Italiya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka ɗauki tsarin lissafi na hukumar NASA, suka ba shi zafin teku kaɗai na shekarun 1930 zuwa 2000, ba tare da sun canza komai game da gona ko kiwo ba. Injin ya fito da damunan albarka na shekarun 1950, ya fito da farin da ya biyo baya. Wasu binciken ma sun ɗora wani kaso na laifin kan hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya arewacin tekun Atlantika. Ba wai sare itace ba ya ɓarna ba ne, wanda ya ga aikin Projet Keita daga 1984 ya san mi gyaran ƙasa ke yi. Amma akuyar Afala ba ita ta hana ruwa a 1973 ba.

Yaya aikin yake? Ana yanka sararin sama gida-gida, kamar an shata gona. A cibiyar ECMWF, wadda ƙasashen Turai suka haɗa kuɗi suka kafa a 1975 don babu wadda ke son ɗaukar nauyin ita kaɗai, kowane gida shina da faɗin kusan kilomita 9, an kuma jera hawa 137 daga ƙasa zuwa sama. Cikin kowane gida ana lissafa iska, zafi da laima, sannan a maimaita sau 51 da ɗan bambanci, a ga inda yawancinsu suka karkata. Shi ya sa sanarwa ke cewa “akwai yiwuwar”, ba ta cewa tabbas. Injinan cibiyar yanzu suna Bolonya ta Italiya.

Yamai kuwa ba ƴar kallo ba ce. Ban da AGRHYMET, can ne mazaunin ACMAD, cibiyar meteyo ta Afirka gaba ɗaya, da aka ƙirƙira a 1987. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma ke zama kafin damana su fitar da hasashe guda, wanda ake kira PRESAO da farko, yanzu PRESASS. Daga ACMAD ɗin ne aka fito da shirin RANET, mai kai labarin sama ga gidajen rediyon karkara ta tauraron ɗan Adam, aka fara da Bankilare. Mu ma'aikatan rediyo jikokin wanga shiri ne. A 2006, cikin shirin AMMA, jiragen bincike na Turai da na'urorin Amurka sun yi damana guda a Yamai suna auna hadari. Daga baya shirin SAWIDRA na Bankin Raya Afirka, da kuɗin Tarayyar Turai, ya sama wa cibiyoyin manyan injinan lissafi, aka kuma kafa eriyar karɓar bayanan tauraro a AGRHYMET, ɗaya daga cikin huɗu a nahiyar.

Sai dai inji ba ya ƙirƙirar abin da ba a ba shi ba. Hukumar meteyo ta duniya ta daɗe tana cewa tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi 1 cikin 8 na abin da ya kamata ba. Malamin gona da ke karanta ma'aunin ruwa da safe ya aika Yamai, shi ma cikin aikin yake. Ga kuma wuta: inji irin wanga ba ya son a ɗauke masa lantarki ko na minti guda, mu kuwa mun ga yadda aka yi a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke layin.

A ganina, duk yadda siyasa ta juya tsakaninmu da Turai ko CEDEAO, wanga fanni bai kamata a taɓa shi ba, don hadarin da ke sauka a Adar daga gabas yake tasowa, laimarsa kuma daga tekun Gini. Senegal da Kodebuwa sun riga sun sayi nasu manyan injina, kuma Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na iya horar da yaran da za su yi aiki da irinsu. A watan Afrilu na 2024 hasashen PRESASS ya ce ruwa zai zarce yadda aka saba a Sahel. Ya kuwa zarce, ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar. Lissafin ya fito watanni kafin ruwan, abin da ya rage a bincika shi ne mutum nawa ne a bakin ƙorama suka ji shi da harshen da suke fahimta.